Waken Namu Ne, Miyar Tasu Ce

A wannan fitowar na ajiye maganar kwatami da ta wutar lantarki, na ɗauko ta ciki da ta shan iska. Kada wani ya ce Malam ya rasa abin rubutawa. Ku dai bi ni a hankali.

Bayan ƙaramar sallah ɗan ƙanin mahaifina ya zo mana ziyara daga Kano. Kwana biyu ina yawo da shi gidajen dangi, ko'ina aka shiga sai a dire masa tuwon shinkafa da miyar taushe. A rana ta uku ya ce, "Yaya, ni fa ban baro Kano don in zo Ibadan in ci tuwon Kano ba. Kai ni hasumiyar nan da ake hango garin duka daga samanta, sannan ka saya mini amalar da ake ta zuzutawa." Na buɗe baki zan ce to, sai na tuna ni kaina ban taɓa hawa hasumiyar ba. A Sabo aka yanke cibiyata, ga shi gemuna ya fara furfura, Yarbanci kuwa har a mafarki ina yi, amma tudun da ke nan kusa da mu ban taɓa taka shi ba. Na juya wajen ɗana mai shekara 12 na tambaye shi ko makaranta ta taɓa kai su. Ya ce, "Baba, wace hasumiya?" Baƙon ya yi dariya ya ce, "Ashe da gaske ne, sabo turken wawa." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini a rai.

Shi ya sa na ɗaura niyyar fita sau huɗu, kowace fita wurin shan iska ɗaya da gidan abinci ɗaya, in dawo in ba ku labari tsakani da Allah. Abu huɗu na riƙa dubawa: daɗin abincin, tsabtar wurin, ko mutum zai iya zama da iyalinsa ba tare da ya ji kunya ba, da kuma irin karɓar da ake yi wa mai hula da doguwar riga. Ban kama sunan gidan abinci ko ɗaya ba, don ba wanda ya biya ni kuɗin talla, kuma ba na son in kashe wa wata baiwar Allah kasuwa saboda abin da na gani a rana ɗaya tak.

Oke-Are da bukar da hayaƙi ya rine

Washegari muka kama Micra zuwa Beere, ni da baƙo da yaron, daga nan okada ta haura da mu tudun Oke-Are. Hasumiyar an gina ta ne a 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Baturen da ya fara zama Razdan a Ibadan daga 1893. Yarbawa suna ce mata Layipo saboda matakalarta da ke murɗewa kamar igiya. Yaron ya ƙirga taki 47. Hanyar matsattsiya ce, mutum biyu ba sa giftawa, don haka mai ciwon gwiwa da wanda jiri ke ɗiba su zauna a ƙasa su sha iska, a can ma akwai abin kallo.

Daga sama kuwa, gani ya kori ji. Jajayen rufin kwano ne iya ganinka, tudu bayan tudu. Ga Mapo Hall da aka gama a 1929 a kan nata tudun, ga Cocoa House na Dugbe mai hawa 26 da aka buɗe a 1965, ga asibitin UCH, ga otal ɗin Premier a saman tudun Mokola. Muka yi ta laluben unguwarmu, sai da muka yi kwatance da filin wasa na Adamasingba. Yaron ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Baba, ashe Sabo ƙarama ce haka?" Wallahi ban sami abin ce masa ba. A ransa Sabo ce Ibadan, sauran garin kuwa wurin da ake ratsawa ne a mota.

Da muka sauko, mai okadan ya ce in amala muke so ta gaskiya, mu bar shi ya kai mu inda yake ci. Ya shiga da mu wani lungu ta wajen Oje, ya tsaya gaban wata rumfar kwano da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Ita kalmar buka ma da suke faɗa ai bukkarmu ce suka ara. Ba allo, ba takardar farashi. Ka ɗauki kwanonka ka bi layi, wata ta yanko maka amala da mara daga tukunyar da ke kan wuta, wata ta zuba miya, kai kuma ka nuna naman da kake so da yatsa. Kowace malmala da kuɗinta, kowane yankan nama da nasa, saboda haka kai ne mai iko da aljihunka.

Abin da ake zuwa ci a nan shi ne abula, wato miya uku a kwano ɗaya. Akwai gbegiri, miyar wake ce da aka surfe aka dafa har ya narke aka tace. Akwai ewedu, wanda ba komai ba ne illa lalonmu, sun sa masa 'yar kanwa sun buge shi da wata 'yar tsintsiya da suke kira ijabe maimakon maburgi. Sai jar miyar tattasai da attaruhu a kai. Iya mai abincin, dattijuwa da tabon sallah a goshi, ta dubi hulunanmu ta ce da ni da Yarbanci, "Alhaji, waken nan daga garinku ya zo. In miyar ba ta yi daɗi ba, ku kuka da kanku." Layin duka aka kwashe da dariya.

To, ba mu kuka da kowa ba. Amalar da zafinta, ba gudaji ko ɗaya, ba nauyi, tana sulɓi a maƙogwaro, kuma ƙamshin busasshiyar doya ne zalla, ba a yi mata algus da garin rogo ba. Gbegirin ya yi kauri daidai, yana kwantar da zafin barkonon, lalon kuma yana jan lomar. Naman akuyar ya dahu har ƙashi, gandar ta sha miya ta yi laushi. Mutumin Kano ya yi ta sharce gumi yana cewa, "Kai, wannan barkono ba imani," amma shi ya fara miƙa kwano a ƙara. Da ya biya, Iya ta jefa masa ɗan tumbi ta ce jara ce, wato gyararmu.

Laifin wurin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Roba ɗaya ce ta wanke hannu, ana jimawa ba a sauya ruwan ba, sai da na sayi ruwan leda muka wanke namu. Hayaƙi yana shiga ido, bencin kuma kafaɗa da kafaɗa ake zama da duk wanda Allah ya kawo. Namiji da abokinsa, ko kai da babban ɗanka, ku je ku more. Uwargida kam, gara ka tafi da kula a zubo mata. Amma a maganar ɗanɗano, duk inda na ci bayan nan da wannan rumfar nake auna shi, kuma ba wanda ya kamo ta.

Agodi da hukuncin uwargida

Bayan baƙo ya koma, ran Lahadi na ce wa maman yara ta shirya da 'yan matan biyu. Ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya? Wa ya rasu?" Wannan tambayar kaɗai ta isa ta nuna muku inda muke. Matanmu ba sa fita da mu sai biki, sai gaisuwar mutuwa, sai asibiti.

Lambun Agodi yana nan ta wajen Sakatariya, tafiyar 'yan mintoci daga Mokola. An kafa shi a 1967, ambaliyar Ogunpa ta 1980 ta yi masa kaca-kaca, ya daɗe a yashe kafin gwamnatin jiha ta gyara shi aka sake buɗewa a 2014. Akwai manyan itatuwa masu inuwa, da tafki, da ciyawa shimfiɗe, da wurin wasan yara, da wurin ninƙaya ga mai so. Shawarata ku je da hantsi. Lokacin wurin shiru, sai kukan tsuntsaye, ka shimfiɗa tabarmarka a gindin itace ba mai ce maka kanzil. Daga azahar zuwa yamma, musamman ranakun hutu da na sallah, matasa suke cika shi da kiɗa da ɗaukar hoto, wanda ba kowane magidanci zai so ya zauna da 'ya'yansa mata a ciki ba. Mu mun tafi da buta da darduma, muka yi azahar a inuwa, muka tattara.

Abin da ya tsaya mini shi ne, a ƙarshen 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a garin nan kan sare itatuwan dajin da ke jikin lambun don a gina gidaje. 'Yan gari sun fito sun yi magana, masu goyon baya da masu suka. Ni dai ban ji an tattauna zancen a majalisar shayi ko ɗaya a Sabo ba. Ta yaya za ka yi kishin inuwar da ba ka taɓa zama a ƙarƙashinta ba? Alhali in ruwa ya yi gyara a garin nan, kamar yadda ya yi a 1980 da 2011, ba ya tambayar yaren kowa.

Daga nan muka dawo Mokola, muka shiga wata buka mai ɗan rufin asiri: daɓen tayil, fanka tana juyawa, famfo da sabulu a bakin ƙofa, tebura daban-daban. Mata ma'aikata suna zaune su kaɗai suna cin abincinsu ba mai kallon su. Yarinyar da ta karɓe mu da hijabinta ta nuna mana teburin lungu tun ban roƙa ba. A nan na ajiye alƙalamina na bar wa uwargida alƙalanci, don ita ce ta san tukunya.

Ta zaɓi sakwara da efo riro, miyar ganye ke nan. Kafin a kawo ta kasa kunne ta ce, "Ka ji turmi? To ta gaske ce, ba ta gari ba." Da ta ɗanɗana miyar sai ta tsaya tana juya cokali, ta tsamo wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ta ce, "Wannan ai kalwa ce." Na ce iru suke ce mata. Ta ce daddawarmu ce dai, sai dai su ba sa kirɓa ta su busar, da ɗanyenta suke zubawa, shi ya sa ƙamshin ya fi tashi. Hukuncinta: ganyen bai dahu ya mutu ba, da sauran kore da ɗan garas-garas, wannan ta yaba ƙwarai, har ta ce mu a gida muna kashe alayyafo da dahuwa. Amma manjan ya yi yawa, yana kwance a kan miyar kamar an yi ɓari, kuma gishirin maginsu ya so ya danne daddawar. Amalarsu da ni na ci tana da kyau, sai dai gbegirin ya yi ruwa, bai kama ƙafar na Oje ba. Duk da haka, in mutum zai fara fita da iyali, ya fara da irin wannan. Kuɗinta ya ɗan ɗara na rumfar Oje, amma kana biyan kujera da famfo da kwanciyar rai.

Gidan zu da amalar cikin leda

Fita ta uku Jami'ar Ibadan muka nufa, gidan namun dajinta, wanda tarihinsa ke komawa 1948, shekarar da aka kafa jami'ar kanta. Dattawanmu har gobe suna ba da labarin goggon birin nan mai suna Haruna da ya yi zamani a wurin, kuma na lura waɗanda suka ba ni labarinsa duk tsofaffi ne, alamar iyayenmu sun fi mu fita ke nan. Yara sun ga zaki ido da ido, sun ga jimina da kada da birai da macizai a ɗakinsu. A jikin keji akwai allon bayani, na sa babban ya riƙa karanta wa ƙannensa yana fassarawa. Ku tafi da ruwan sha da hula, don akwai tafiyar ƙasa, kuma ku riƙe hannun ƙananan.

Amma ribar ranar ba a keji na same ta ba. Muna ratsa harabar jami'ar, 'yata ta tsakiya ta ga 'yan mata da hijabi rungume da littattafai, ta ce, "Baba, Hausawa ma suna karatu a nan?" Yarinyar da aka haifa tafiyar Micra ɗaya daga ƙofar jami'ar da ta fi kowace daɗewa a ƙasar nan, ba ta san ƙofar a buɗe take gare ta ba. Laifin wa? Ba na malaminta ba ne, nawa ne.

Daga nan na ce bari mu gwada irin gidajen amala na zamani da suka yi yawa ta wajen Bodija, masu gilashi da esi da ma'aikata cikin inifom. Tun a ƙofa mai gadi ya tare ni da, "Aboki, me kake nema?" Ku da kuke zaune a Kudu kun san aboki iri biyu ce. Akwai ta wasa da mai kayan miya ke yi maka, akwai kuma wadda ake ja wa wutsiya, mai nufin me ya kawo irinka nan. Wannan ta biyun ce. Na amsa masa da Yarbancin da ya fi nasa tsufa cewa abinci muka zo ci da kuɗinmu, sai ga shi yana "e ma binu, sa", wato kada in yi fushi. Ban yi fushi ba, amma yarana sun gani.

Abincin kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Amalar an ƙulle ta a leda tun ban san yaushe ba, ta huce ta yi tauri, gefenta ya yi gumi. Ita amala ba ta jira, daga tukunya sai kwano, in ta kwana a leda minti talatin ta zama wani abu dabam. Gbegirin an tsinka shi da ruwa har ba ka jin wake, lalon an markaɗa shi a inji ya yi kumfa ya rasa yauƙi, naman kuwa an soya shi ya bushe kafin a tsoma a miya, don haka miyar ba ta shige shi ba. Abin da na biya ya kusa ninka na Mokola sau biyu. In don a gyara zama ne a sha sanyi a ɗauki hoto, wurin ya yi, banɗakinsu ma tsaf. In don abinci ne, kuɗin esi ka biya. Ban ce duk na zamanin haka suke ba, ɗaya na shiga, kuma abin da na tarar ke nan.

Eleyele, sannan gida

Fita ta ƙarshe bakin ruwan Eleyele muka je da la'asar sakaliya. Madatsar ruwa ce da aka yi a kan kogin Ona a 1942 don shayar da gari. Iska mai sanyi, tuddai kore a kewaye, masu kwale-kwale suna tsallakar da mutane. Yara sun so shiga, na hana, don ban ga rigar kariya da za ta yi musu daidai ba, kuma ina roƙon kowa kada ya sa ɗansa a jirgin ruwa ba ita, komai kusancin tsallaken. Rumfunan da na leƙa a gefen hanya suna da farfesun tarwaɗa mai ƙamshi, amma kwalaben giya ne jere a tebura, ga kiɗa kamar zai fasa kunne. Ba wurinmu ba ne, muka wuce ba tare da mun zagi kowa ba. Wata mata a bakin titi tana gasa agada a kan gawayi, boli ke nan, muka saya da soyayyar gyaɗa muka ci a tsaye muna kallon ruwa. A duk yawon nan ba abin da ya kai shi arha, kuma yaran sun ce shi suka fi so.

Muka iso Sabo bayan magariba. A nan ne na ga unguwarmu da sabon ido. Motoci jere a bakin titi, Yarbawa da Ibo da ma wasu, maza da mata, sun yi layi gaban tukuba. Sun san bambancin tsire da balangu, sun san wanda yajinsa ya fi ƙuli-ƙuli, wata ma na ji tana cewa a sa mata ƙoda kada a sa kitse. Sun san masa, sun san kilishi, sun san fura. Su sun ratso gari sun koyi namu. Mu fa?

Kuma tunda na auna na wasu, dole in auna namu da mudu ɗaya, don laifi tudu ne. A ɗanɗano ba na jin kunyar kowa: tsiren Sabo ya wuce a yi masa talla, tuwon shinkafa da miyar kukar da ake sayarwa a lungunanmu kuwa ko a Kano sai a tona. Amma a sauran ukun mun faɗi biyu. Tukuba a kan kwatami, ruwan wanke-wanke yana bi ta ƙarƙashin bencin mai ci. Nama a tsohuwar jarida. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ke yanka albasa. Sannan ku nuna mini wuri ɗaya a unguwar nan da magidanci zai zauna da matarsa da 'ya'yansa su ci abinci a mutunce. Baƙin da ke zuwa ma a mota suke jira a miƙa musu ta taga, su tafi. Kuɗin zama da na abin sha da na hira duk wata unguwar ke ci. Ɗaki ɗaya mai labule, famfo da sabulu, tebur huɗu, wallahi da wani ya gwada da ya ga ciniki.

"Ai ba mu san abin da suke sawa ba"

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a masallaci tun kafin in rubuta. Na farko, ai samarinmu 'yan okada da 'yan kasuwa kullum suna cin amala. Gaskiya ne, amma cin yunwa ne a tsaye, ba shi nake nufi ba. Ina maganar fita da iyali ne da niyya, yaro ya san garin da aka haife shi.

Na biyu, maganar halal. Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma mu yi adalci. Ibadan gari ne mai ɗimbin Musulmi, da yawan masu bukar nan Alhaja ne, wasu sun fi mu zuwa Makka. Shanun da ake yankawa a mayankar Amosun, inda aka mayar da mahautan Bodija a 2018, daga hannun wa suke fitowa in ba namu ba? Wake, tattasai, attaruhu, albasa, tumatir, kanwa, wa ke sauke su a Bodija da Shasha? Rabin abin da ke cikin kwanon abula a kan motocinmu ya shigo garin nan. Abin da ya rage naka shi ne ka buɗe ido ka buɗe baki. In ka ga giya a tebur, ka wuce. In ana sayar da naman daji, ka tambaya ko tukunyarsa daban ce, in ranka bai kwanta ba ka ci da kifi ko ka fita. Tambaya ba ta taɓa jawo mini faɗa ba a duk inda na shiga.

Na uku shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi: tsoro. Ba wanda ya manta Fabrairun 2021, lokacin da gardama a kasuwar Shasha ta zama wuta, aka rasa rayuka da dukiya, mutanenmu da yawa suka kwana a gidan Sarkin Sasa, wasu suka hau mota ba su dawo ba. Ba kuma wanda ya manta makonnin da suka biyo baya, da aka tsayar da lodin abinci daga Arewa: a nan tumatir ya gagari talaka, a can ya ruɓe a hannun manomi. Kowa ya ji a jikinsa. Ni darasin da na ɗauka shi ne, mutumin da ba a sani ba sai a bayan buhu ko a kan babur, shi ake saurin mayarwa baƙo ranar da hankali ya gushe. Ban ce kwanon amala zai hana fitina ba, ni ba yaro ba ne. Amma wanda kuka haɗa gwiwa a benci ɗaya, ya ga 'yarka, ka ga tasa, akwai nauyin da zai ji wanda ba zai ji ga baƙuwar fuska ba.

An kafa Sabo a 1916. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikinmu ya rubuta littafi a kanmu da ya fito a 1969, inda ya nuna yadda kakanninmu suka riƙe kansu wuri ɗaya, da sarkinsu da malamansu da masu masaukinsu, don su tsare cinikin goro da na shanu. Dabara ce da ta yi aiki a zamaninta, kuma albarkacinta muke da unguwa da harshe da addini har yau. Ba na cewa a rushe ta. Amma su fatake ne, ƙafarsu ta san hanya daga Kano har kurmin goro. Mu jikokinsu mun gaji katangar, mun bar tafiyar. Shekara ɗari da ɗoriya a gari, a ce har yanzu sai mai okada ya nuna mana inda ake cin abinci?

Inda na tsaya

Ga mai son daɗin baki, ya nemi tsohuwar rumfa a cikin gari inda tukunya ke kan wuta kuma layi ya yi tsawo, ya je kafin azahar, ya riƙe ruwan wanke hannunsa. Ga mai iyali, Agodi da hantsi, sannan buka mai famfo a Mokola. Ga mai 'ya'ya 'yan makaranta, gidan zu na jami'a, kuma kada ya yi saurin fita daga harabar, ya bar su su kalli ɗalibai. Hasumiyar Oke-Are kuwa, ina roƙon malaman Islamiyyunmu da na boko su haɗa kuɗin mota su kai yara ko sau ɗaya a shekara. Duk inda aka ƙulle amala a leda, a gaishe su a wuce.

Masu abincinmu na Sabo, kada ku ji haushina, ni mai cin naku ne tun ina rarrafe. A ɗaga tukuba daga kan kwatami, a sa famfo, a yi wa mata wurin zama.

Mutumin Kano ya bugo waya shekaranjiya, wai in sa masa garin amala mudu biyar a motar goro, matarsa za ta gwada. Na ce wake da lalo da kanwa dai yana da su a can. Uwargida kuma ta sayo iru a Bodija ta jefa a miyar kuka, ban gaya mata ba amma ta fi ta da. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu leƙa Oja'ba da Mapo, kuma an ce mini akwai mai dafa wake da doya a can da ya kamata a ji ta bakinta. Wanda ya san wani lungun da ban sani ba, ya same ni bayan la'asar a inda aka saba. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.